In jiki ya daina faɗa: na'urorin da ake ƙerawa su ji a madadin fata

Da yawa daga cikinmu muna sa wayarmu a shiru kafin mu shiga sujada. In kira ya shigo ba ta ƙara, sai dai ta yi ta kaɗawa a aljihu har mu ji a cinya. Abin da ke kawo wannan kaɗawa wani ɗan inji ne a cikin wayar, da kaɗan ya fi ƙwayar wake. A yawancin ƙananan wayoyi an ɗaura masa ɗan ƙarfe mai nauyi a gefe guda, saboda haka in ya juya da sauri sai ya girgiza wayar duka, kamar yadda injin niƙa ke girgiza rumfa in bai zauna daidai ba. Wannan ita ce na'ura mafi sauƙi da ke yi wa mutum magana ta fatarsa.

Akwai masana da injiniyoyi a ƙasashe da dama waɗanda aikinsu ke nan. Abu biyu suke nema: na'urar da za ta ji kamar yadda fata take ji, da hanyar da za ta gaya wa mutum abin da ta ji. Wasu suna yi don masu wasan kwamfuta, wasu don likitocin da ke tiyata da inji, wasu don waɗanda aka yanke wa hannu. Mu kuwa abin da ya sa muka kawo zancen a wannan fitowa shi ne, a ikkilisiyoyinmu da ƙauyukan da muke aiki, daga Wamakko zuwa sauran sassan Sakkwato da Kebbi da Zamfara, akwai 'yan'uwa da maƙwabta waɗanda hannunsu ko ƙafarsu ta daina ji saboda kuturta ko ciwon suga. Sau da yawa danginsu kan tambaye mu ko babu wani abu da aka ƙera a ƙasar waje wanda zai mayar musu da jin. An gwada. Wanda ya fi naciya a kan gwajin ma likitan mishan ne, kuma abin da ya koya zai amfane mu ko da ba mu taɓa ganin na'urar da idonmu ba.

Yadda fata take ji

Bahaushe kalma ɗaya yake da ita: ji. Kunne yana ji, hanci yana ji, harshe yana ji, jiki ma yana ji. Cikinsu duka jin jiki muka fi mantawa da shi, domin ba ya hutawa balle mu san da zamansa. A tafin hannu ɗaya da yatsunsa, masana sun ƙiyasta akwai ƙananan jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000. Ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu suna jin danni, wasu santsi da kaushi, wasu girgiza, wasu kuma jan fata. Ban da su akwai masu jin zafin wuta, da sanyi, da ciwo. Su ne ke sa mace ta san kaurin tuwo tun daga muciya. Su ne ke sa manomi ya sassauta riƙon ƙota kafin bororo ya fito masa.

Ba ko'ina suke da yawa ba. Ku gwada wannan a taron matasa. A karyo tsinken tsintsiya biyu, mutum ya rufe ido, a taɓa shi da su a lokaci guda, ya faɗi ko ɗaya ne ko biyu. A kan yatsa zai gane biyu ne ko da milimita 2 ko 3 ne tsakaninsu. A gadon baya kuwa sai an raba su wajen santimita 4, kamar faɗin yatsu biyu, kafin ya daina cewa ɗaya ne.

Yadda waɗannan jijiyoyi suke gane abin da ya taɓa su, ba a daɗe da sani ba. A 1997 wani masani a Amurka, David Julius, ya yi amfani da sinadarin da ke sa barkono yaji, ya gano wata 'yar ƙofa a jikin jijiya wadda ke buɗewa in zafi ya kai wajen digiri 43. Mutumin Sakkwato ya san digiri 43, ranar Afrilu ce da tsakar rana. Barkono ma yana buɗe wannan ƙofa, shi ya sa harshe kan ce ya ƙone alhali ba wuta a miyar. A 2010 Ardem Patapoutian da abokan aikinsa suka gano wata ƙofar wadda danni ke buɗewa. Su biyun aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2021.

Duk saƙon da fata ta tara yana zuwa ƙwaƙwalwa ta manyan jijiyoyi. Kada a haɗa su da jijiyar jini. Waɗannan farare ne kamar igiya, aikinsu irin na wayar lantarki. Akwai ɗaya da kowa ya taɓa sani: in ka buge gwiwar hannu sai ka ji abu ya ja ka har ɗan ƙaramin yatsa, kamar masuncin Kwalkwalawa da ya damƙi minjirya.

In wayar ta lalace

Ƙwayar cutar kuturta, wadda Dakta Hansen na ƙasar Norwe ya gano a 1873, tana son wuri mai sanyi a jiki. Don haka take kama jijiyoyin da ke kusa da fata: wannan ta gwiwar hannu, da ta wuyan hannu, da ta gefen gwiwa, da ta bayan idon sawu, da na fuska. Jijiyar ta kumbura, a hankali ta daina kai saƙo. Ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba shi ma yana lalata jijiyoyi, amma shi daga yatsun ƙafa yake farawa ya yi ta hawa.

Yankinmu ya daɗe da wannan fama. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta, ta kama aikin jinyar masu kuturta a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A 1956 ta buɗe asibitin Danja kusa da Maraɗi. A wancan zamani kusan kowa, har da likitoci, ya ɗauka cutar ce da kanta take cin nama har yatsu su gutsure. Yau ma in ka tambaya a kasuwa amsar da za a ba ka ke nan.

Wanda ya nuna ba haka abin yake ba shi ne Dakta Paul Brand, ɗan Ingila, likitan tiyata, wanda aka haifa a Indiya a 1914, iyayensa 'yan mishan. Ya kama aiki a asibitin Kirista na Vellore a 1946. Ya ba da labarin wata rana da ya kasa buɗe kwaɗon wani ɗakin ajiya saboda tsatsa. Wani yaro mai kuturta, ramamme, ya karɓi mabuɗin ya murɗa, kwaɗo ya buɗe. Likita yana mamakin ƙarfin yaron sai ya ga jini a ƙasa. Mabuɗin ya yanka yatsan har ƙashi, yaron bai sani ba. Ba ƙarfi ya fi likita ba. Shi likita zafi ne ya tsayar da shi, shi kuwa yaron ba abin da ya ce masa bari.

Daga nan Brand da ma'aikatansa suka shiga bin kowane rauni suna neman mafarinsa. Wannan ƙuna ce daga tukunya, wancan ƙusa ce a takalmi, wancan ƙotar fartanya ce mai tsaga. Saura raunukan da ake kwana babu su a tashi da su. Da aka sa ido da dare sai aka tarar ɓeraye ne ke gaigayar yatsun mutane suna barci. Bayan haka wanda aka sallama daga wurin, da kyanwa ake haɗa shi ya tafi gida.

Ashe naman mai kuturta yana warkewa kamar na kowa in an bar shi ya huta. Abin da ke cinye gaɓa shi ne rauni a kan rauni, ana ta aiki da wurin domin ba ya ciwo, ƙwayoyin cuta su shiga, su kai ga ƙashi. Jiki magayi, in ji Hausawa. Mai gayawar ne ya yi shiru.

Zafi na roba

A 1966 Dakta Brand ya koma asibitin masu kuturta na Carville a jihar Luwiziyana ta Amurka. A can ya samu kuɗin gwamnati da taimakon injiniyoyin jami'a. Tunaninsa mai sauƙi ne. Tun da ana yin ƙafar roba, me zai hana a yi zafi na roba? Suka ɗinka safar hannu da safar ƙafa, suka dasa musu ƙananan maɓallai masu auna danni. In danni ya wuce kima, maɓallin ya aika saƙo ta waya.

To ta ina za a gaya wa mai safar? Da farko sun sa masa ɗan abu a kunne, irin na masu ƙarancin ji, wanda zai yi ƙara. Mutane suka saba da ƙarar, in ta dame su su rage ta su ci gaba da aikinsu. Aka gwada fitila mai ƙyaftawa, ita ma ba wanda ya kula ta. Jiki ya fi kunne ji, kuma a nan maganar ta tabbata. Daga ƙarshe suka koma ga lantarki. Aka liƙa 'yar waya a hammata, inda kuturta ba ta cika kashe ji ba saboda ɗumin wurin. In mutum ya matsa abu fiye da kima sai ta ja shi. Ba ta lahani, amma akwai zafi.

Brand ya faɗi ranar da ya sare, a littafin da suka rubuta da Philip Yancey a 1993. Yana kallon wani majinyaci, ɗaya daga cikin masu ba da haɗin kai sosai, yana ƙoƙarin kwance wani noti mai tsatsa a injin babur. Ya danna sifana da ƙarfi, lantarki ya ja shi, ya zabura. Ya tsaya ya dubi notin. Sai ya cusa hannu cikin riga ya cire wayar, ya murɗe notin da iyakar ƙarfinsa, sannan ya mayar da wayar wurinta. Bayan shekara biyar da kashe fiye da dala miliyan ɗaya, aka rufe aikin.

Ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, domin mutumin nan ba wawa ba ne. Ya san amfanin na'urar, ya san abin da ya faru da hannuwan abokansa. Amma noti yana gabansa yanzu, gyambo kuwa sai mako mai zuwa. Kowannenmu haka zai yi da a ce zafi yana da makunni. Wa zai bar shuka a ranar da ruwan fari ya sauka don ƙafa ta yi ja? Mai lafiya yana bari ne don ba yadda zai yi, zafin yana cikin jikinsa, ba ya ciruwa. Brand ya lura da wani abu kuma. Mutumin da hannunsa ya daɗe ba ya ji, yakan fara ɗaukar hannun kamar kayan aiki, kamar guduma ko lauje. Ba ya jin tausayinsa. Lantarkin da ke jan sa a hammata kuwa, a wurinsa horo ne da wani ya ɗora masa daga waje, ba kukan hannunsa ba.

Akwai matsala ta biyu, ita ta injiniyoyi ce. Fata mai rai tana canza ma'auninta. Mai lafiya in ya taso a ƙafa daga Dundaye zuwa cikin gari, da farko yana taka ƙasa yadda ya saba. Bayan 'yan dubban taku wani wuri a tafin ƙafar ya fara tsami, sai ya karkata nauyinsa gefe ba tare da ya sani ba. In tafiya ta yi nisa ya fara ɗingishi. Ɗingishin nan kariya ne. Wanda ƙafarsa ba ta ji kuwa, yadda ya yi takun farko haka zai yi na dubu goma, a wuri ɗaya, har naman ciki ya dagargaje fata ta fashe. Yawancin gyambon tafin ƙafa haka yake samuwa, ba sai an taka ƙaya ba. Maɓallin ƙarfe yana iya gane babban danni guda, amma bai san ƙaramin danni da aka maimaita sau dubu ya zama haɗari ba. Ga shi gumi da yawan aiki suna lalata shi.

Inda aka kai yanzu

Tun bayan rasuwar Brand a 2003 an ci gaba ƙwarai. A 2013, a wani asibiti a birnin Rum, likitoci da injiniyoyin Italiya da Suwizalan sun dasa ƙananan wayoyi a jijiyoyin dantsen wani ɗan ƙasar Danmak, Dennis Aabo Sørensen, wanda ya rasa hannun hagu a haɗarin wasan wuta. Suka haɗa wayoyin da hannun roba mai maɓallai a yatsu. An rufe masa ido da kunne, amma ya iya bambanta katako da auduga, ya kuma faɗi siffar abin da ya riƙe. Bayan wata ɗaya aka cire wayoyin, domin gwaji ne. A Pittsburgh ta Amurka kuma, an dasa wa Nathan Copeland, wanda haɗarin mota ya shanye wa jiki, na'ura a cikin ƙwaƙwalwa. In an taɓa yatsan hannun inji sai ya ji kamar nasa aka taɓa. A 2016 ya gaisa da Shugaba Obama da wannan hannu. Rahoton 2021 ya nuna cewa in an kunna masa jin taɓi, aikin ɗaukar abu da ke cin masa wajen daƙiƙa 20 yana komawa wajen 10.

Abin mamaki ne, kuma muna gode wa Allah da ya ba mutane wannan basira. Amma mu faɗi gaskiya: waɗannan mutane ƙalilan ne, a ɗakin bincike, da tiyata mai tsada da injiniyoyi kewaye da su. Ba kuma irin matsalarmu ba ce. Mai kuturta da mai ciwon suga gaɓarsu tana nan, jijiyar ce ba ta da lafiya.

Wanda ya fi kusa da buƙatarmu shi ne shimfiɗar cikin takalmi mai auna danni. Tana aika saƙo zuwa agogon hannu in wuri ɗaya ya daɗe a danne, agogon ya gaya wa mutum ya ɗaga ƙafa ko ya canza zama. An gwada ta a Ingila a kan masu ciwon suga da suka taɓa yin gyambo, sakamakon ya fito a 2019. Dawowar gyambo ta ragu da wajen kashi 70 cikin 100. Gwajin ƙarami ne, mutanen ba su kai 100 ba, wasu ma sun bari a hanya, kuma waɗanda suka fi sa ta kullum su suka fi amfana. Ke nan tsohuwar matsalar Carville tana nan: sai mutum ya yarda ya sa, ya yarda ya saurara. Ƙara da cewa tana buƙatar caji da rufaffen takalmi, kuma ba a yi ta don laka da ruwan fadamar albasa ba. In ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan ƙasar Wamakko za su gwada ƙera mai araha, za mu yi murna. Shawararmu ita ce su fara zama da manomin da zai sa ta, su tambaye shi ranar da zai cire ta da dalilinsa.

Ƙananan abubuwan da suka yi aiki

Abubuwan da suka ceci ƙafafu da yawa ba su da batir ko ɗaya.

Na farko zare ne. A shekarun 1890 wani Bajamushe, Max von Frey, yana auna jin fata da gashin doki. A 1960 aka fito da irinsa na nailan, kamar zaren kamun kifi, a kan ɗan sanda. In an danna shi a fata sai ya lanƙwashe daidai lokacin da nauyin ya kai abin da aka tsara. Wanda aka fi amfani da shi a ƙafa na giram 10 ne. Wanda bai ji shi ba, ƙafarsa ba ta da mai tsaro. In babu zaren, bakin biro ya wadatar. Mutum ya rufe ido, a taɓa tafin hannu da tafin ƙafa a hankali a wurare huɗu ko fiye, yadda fata za ta ɗan lotsa kawai, shi kuma ya nuna wurin da yatsa. Mai bishara ko shugabar zumuntar mata za su iya koyon wannan cikin minti goma.

Amfanin gwajin shi ne lokaci. Jijiyar da kuturta ta taɓa, in bai wuce wata shida da fara mutuwa ba, sau da yawa tana farfaɗowa da maganin da ake kira prednisolone. In an daɗe, da wuya ta dawo. Kada kowa ya saye shi a kemis ya sha da kansa. Ana shan sa na watanni, ana rage shi a hankali bisa tsarin ma'aikacin lafiya, kuma yana da haɗari musamman ga mai ciwon suga.

Na biyu takalmi ne. A Carville an yi wata safa mai ƙananan ƙwayoyin rini a ciki, in mutum ya yi tafiya sai wurin da danni ya yi yawa ya yi shuɗi, mai ɗinkin takalmi ya san inda zai gyara. A Karigiri kusa da Vellore kuma, tun shekarun 1960 ake yin wata roba mai taushi da ake kira MCR, wadda ke raba nauyin jiki a duk tafin ƙafa. A Najeriya ƙungiyar The Leprosy Mission tana da ma'aikatar takalma da ƙafafun roba a Chanchaga, Minna. Amma mai ɗinkin takalmi na kasuwarku ma zai iya in an yi masa bayani: ƙasan ya zama mai tauri, kamar na tayar mota, yadda ƙaya da tsidau ba za su huda ba, cikin ya zama roba mai taushi, kaurin wajen santimita 1, ya kasance da maɗaurin diddige, a haɗa shi da gam da zare. Ƙusa ko guda kada ta shiga.

Na uku ɗumi ne. Wurin da ke shirin fashewa yana yin ɗumi kwanaki kafin a ga komai da ido. Gwaje-gwaje a Amurka a shekarun 2000 sun nuna cewa masu ciwon suga da ke auna zafin ƙafarsu kullum, suna hutar da ita in wani wuri ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar da digiri 2 da ɗan ɗori, sun fi tsira daga gyambo. Su da ma'auni suka yi. Mu muna da bayan hannun ɗa, ko mata, ko miji. Da sassafe kafin a taka ƙasa, a shafa ƙafafun biyu a kwatanta. Wurin da ya kwana da ɗumi, ranar ba ranar tafiya kasuwa a ƙafa ba ce.

Sauran kuwa sabo ne na kullum. Da yamma a duba hannu da ƙafa, har tsakanin yatsu, da madubi in ba a iya ganin tafin. A jiƙa su cikin ruwa mara zafi na minti 20 zuwa 30, a goge kanta da kaushi da dutse a hankali, a shafa man kaɗanya ko basilin tun fata tana da danshi, domin fatar da jijiyarta ta mutu ba ta gumi, sai ta bushe ta yi faso. Kada a yanke kanta da reza. A zazzage takalmi kafin a sa. A naɗe ƙota da tsumma. A sauke tukunya da tsumma mai kauri, a sha shayi a kofi mai mariƙi, a nisanci jin wuta kurkusa da hunturu, a lura da salansar babur. Yashin rani da rana tsaka yana ƙona ƙafar da ba ta ji kafin a kai bakin rijiya. In rauni ya fito, babban maganinsa hutu ne, sai wanki da rufewa. In ya yi wari, ko ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti a ranar.

Inda ikkilisiya ta shigo

Duk wannan ma mutum yana iya barin sa, kamar yadda mai gyaran babur ya cire waya. Shi ya sa a ƙasar Habasha, a 1995, ma'aikatan cibiyar ALERT suka fara haɗa waɗanda kuturta ta shafa ƙungiya-ƙungiya. Suna taruwa lokaci-lokaci, kowa ya cire takalmi, su duba ƙafafun juna, su tambayi mai sabon rauni yadda aka yi ya same shi da abin da zai yi kafin zama na gaba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa har da namu. A ganinmu ya fi safar lantarki da abu ɗaya: maƙwabciya ba ta da waya a hammata da za a cire. In kuma ƙungiyar ta ce wa mutum ya zauna ya hutar da ƙafa, to sai an samu mai ɗebo masa ruwa da mai kama masa noma. Gayya ɗaya ta matasan ikkilisiya tana iya zama bambanci tsakanin ƙafar da ta warke da wadda aka yanke.

Abin da ke hana mu shi ne tsoro. Mutane wajen 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa da kuturta ko sun haɗu da ƙwayar. Ba a ɗaukar ta ta gaisawa ko cin tuwo a kwano ɗaya, kuma wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba la'ana ba ce. Wanda ya gama magani ya warke ko da yatsunsa ba su dawo ba. A Markus sura 1, mun karanta cewa Ubangijinmu ya taɓa mai kuturtar da hannunsa, alhali da magana kaɗai ma zai iya warkar da shi.

Duk wanda ya ga tabo a fatarsa mai haske ko ja-ja, wanda ba ya ƙaiƙayi kamar makero ko ƙyasbi, kuma in an shafa shi da auduga ba ya ji, ya je a duba shi. Haka wanda ƙafarsa ke masa kamar yana taka auduga, ko silifa ke zare masa bai sani ba. Kowace ƙaramar hukuma, har da Wamakko, tana da jami'in tarin fuka da kuturta a sashen lafiya. Maganin kuturta kyauta ne a duniya duka tun 1995, ana shan sa wata 6 ko wata 12. Ya yi tsaikon shigowa Najeriya a 2024, sai a Maris 2025 ya iso, don haka wanda aka taɓa cewa ya jira ya koma ya tambaya. Asibitin Amanawa da ke ƙaramar hukumar Dange-Shuni yana hannun gwamnati yanzu, masu ciwon suga kuma ana duba su a asibitin koyarwa na jami'a da sauran manyan asibitocin Sakkwato. In za a je, a tafi da takalmin da ake sawa kullum, ba na zuwa sujada ba. Daga inda ya cinye ma'aikacin lafiya zai gane inda ƙafar take danne ƙasa.